Kwalaben da suka fito daga adakar Kaka: ina aka yi su, kuma yaushe?

Tambaya daga wata baiwar Allah a cikin birnin Katsina, wajen Ƙofar Guga: "Bayan rasuwar kakarmu mun buɗe adakarta, muka tarar da wata koriyar kwalba mai kusurwa huɗu, da wata ƙarama shuɗiya mai dogon wuya wadda gindinta ke da tabo mai kaifi, da siririyar kwalbar turare mai zanen ruwan zinari, da baƙaƙen ƙarau, da zare guda na duwatsun wuya. A gida ana cewa kakanta ne ya zo da su daga hajjin ƙasa. Wani dillali ya ce sun fi shekara 500, wani kuma ya ce tarkace ne kawai. Yaya za mu gane gaskiya?"

Allah ya jiƙan Kaka, ya kyautata makwancinta, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi.

Malama, tun kafin ki ƙarasa karanta wannan amsa ina roƙonku abu uku: kar a wanke kayan nan, kar a rarraba su gida-gida tukuna, kar kuma a zubar da tsummokara da takardu da duk wani ɗan abin da aka tarar tare da su a cikin adakar. Zan zo kan dalili.

Dillalan nan biyu duk sun yi saurin baki. Gwajin nan da ake ji a rediyo, wanda ake auna shekarun ƙashi ko gawayi ko itace da shi, yana aiki ne kan abin da ya taɓa rayuwa. Gilashi kuwa rairayi ne aka narka, saboda haka ba wata na'ura da za a ɗora masa ta karanto shekarar da aka yi shi. Abin da jikinsa ke nunawa shi ne yadda aka yi shi. Kowace dabara ta aikin gilashi tana da lokacin da aka fara ta, don haka in kin gane dabarar, kin san shekarar da kayan ba za su girme ta ba. Amma ɗaya iyakar ba ta samuwa da sauƙi haka, domin tsofaffin dabaru ba su mutu ba. Yau ɗin nan akwai masu hura kwalba da baki a Alƙahira da garin Al-Khalil na Falasɗinu, kusan yadda kakanninsu suka yi. Wannan shi ne ramin da yawancin mutane ke faɗawa: su ga aikin hannu, su ce ai tsoho ne.

Sai kin san yadda ake yin aikin sannan alamomin za su yi miki ma'ana. Ana haɗa rairayi da gishiri dangin kanwa, ko tokar wasu tsirrai, da farar ƙasa, a dafa a zafin da ya haura digiri 1,000 har su narke. Mai aikin ya tsoma dogon bututun ƙarfe ya ɗebo curi, ya hura ta ɗaya bakin yana jujjuyawa har curin ya kumbura. An gano wannan dabara a ƙasar Sham a ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. To, da jikin kwalba ya samu, saura a gyara mata baki, ga shi kuma ta wajen bakin take maƙale da bututun. Sai a kawo wata sandar ƙarfe da ɗan narkakken gilashi a kanta, a manna a gindin, a ɓalle bututun, a mai da bakin wuta a gyara. In an gama a ƙwanƙwasa sandar ta rabu. Inda ta rabu ɗin nan yana barin tabo, kamar cibiyar jariri. Shi ne abin da kika ji yana da kaifi a gindin shuɗiyar kwalbarki.

Ki shimfiɗa bargo a ƙasa kusa da ƙofar ɗaki da hantsi, ki zauna, ki kifa kowace kwalba ki fara da gindi. Ido kaɗai ba ya isa, sai kin shafa da babban yatsa a hankali. Cibiyar iri-iri ce. Akwai mai kama da zobe, tsakiyarta rami, gefenta kaifi, wadda ke nuna da bututun hurawar aka riƙe gindin. Akwai mai faɗi mai ƙaiƙayi, da 'yan ƙwayoyin yashi a maƙale. Akwai wadda ba ta da kaifi sam, sai wani da'ira ja-ja ko baƙi-baƙi kamar tsatsa, wato ƙarfe tsirara aka manna, kuma wannan ta fi yawa a tsakiyar ƙarni na 19. A kan kayan alfarma irin su tambulan da butar gilashi, akan goge cibiyar da dutsen wasa har ta koma ɗan kwarmi mai santsi. Daga wajen 1850 masana'antun Turai da Amurka suka koma riƙe kwalba da wani abin riƙo na ƙarfe mai kama gindi ba tare da mannawa ba, kuma zuwa wajen 1870 cibiya ta kusan ɓacewa daga kwalaben kasuwa na can. Saboda haka in kwalbar ta masana'antar Turawa ce kuma tana da cibiya, shaida ce mai ƙarfi cewa ta girmi 1870. In kuwa ta ƙananan masu aikin hannu ce na Masar ko Sham ko Iran, cibiyar ba ta ce komai ba game da shekaru. Ta bara ma tana da ita.

Daga gindi sai ki bi gefe da farce kina neman layin haɗi. Tun da daɗewa akan hura gilashi a cikin mazubi, wato abin da ke ba kwalba sifarta, don kwalabe su fito girma ɗaya, kuma inda ɓangarorin mazubin suka haɗu yakan bar siririn layi. A 1821 wani kamfani a Bristol ta Ingila, na Ricketts, ya yi rajistar mazubi mai ɓangare uku: layi ɗaya ya zagaye kafaɗa, biyu kuma su tashi daga nan su nufi wuya. Abin lura shi ne inda layin ya tsaya. In ya ɓace a wuya, ƙasa da leɓen kwalbar, to mutum ne ya hura, ya kuma gama bakin da hannu. Sau da yawa ma leɓen daban aka ɗora shi, za ki ga ɗan dalalar gilashi a ƙarƙashinsa, in kin zura ƙaramin yatsa ciki kuma ki ji gaɓa. In kuwa layin ya hau har saman leɓe ya tsallake, inji ne ya yi, kuma maganar ta ƙare. Michael Owens ya yi rajistar injinsa mai yin kwalba shi kaɗai a Amurka a 1903, zuwa shekarun 1920 kuma mafi yawan kwalaben Amurka inji ke fitar da su.

Rashin layi ba ya nufin ba a yi amfani da mazubi ba. Daga wajen 1880 zuwa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya an yawaita juya kwalba a cikin mazubi tana da zafi don a shafe layin. Irin wannan za ki ga tana da sheƙi, da wasu zobba siri-siri da suka zagaye jikinta a kwance in kin karkata ta ga haske.

Yanzu koriyar mai kusurwa huɗu. Ki ɗaga ta ga rana. In a ɗaki tana kama da baƙa amma a rana ta koma kore mai duhu, kafaɗarta ta fi gindinta faɗi, wuyanta gajere, to kusan tabbas kwalbar barasar Holan ce, wadda aka yi mai kusurwa don ta jeru cikin akwatin katako. Kar wannan ya sosa miki rai, ba ya nuna wani a gidanku ya taɓa kusantar abin da ke ciki. An shigo da irinta da yawan gaske ta bakin teku a ƙarni na 19, har a wasu sassan Kudu ta zama kamar kuɗi. Arewa kuwa an hana shigo da barasar, bisa yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a birnin Brussels a 1890 da dokokin Turawa da suka biyo baya. Abin da ya hauro mana shi ne kwalbar wofi, kuma a zamanin da ba roba ba gwangwani, kwalba mai murfi dukiya ce: a zuba zuma, ko man shanu, ko tawada, ko rubutun sha. Ki duba gefenta ko kafaɗarta ko akwai rubutu mai tudu, sunan kamfani irin su J.H. Henkes ko A. van Hoboken, ko sunan gari kamar Schiedam da Rotterdam. Mai rubutu a gefe, ba cibiya, baki kuma gamin hannu, ki sa ta tsakanin wajen 1870 da 1920, nan ne yawancin waɗanda ake samu a Najeriya suka faɗo. Marar rubutu mai cibiya, mai leɓe kamar an naɗa zare, ta girmi haka. Ko ta yaya dai, wannan ba daga Makka ta zo ba. Ta Kudu ta biyo, ko da fatake ta hanyar Nufe, ko a jirgin ƙasa bayan dogo ya iso Kano a 1911.

Shuɗiyar mai dogon wuya ita ce ta fi jan hankalina, ita ce kuma ta fi wuyar yanke wa hukunci, domin sifar kwalbar yayyafa ruwan wardi ce, kuma ƙasashe da dama sun yi ta. Ta Alƙahira, wadda ake yi da fasassun kwalabe da aka sake narkawa, marar nauyi ce, cike da ƙwayoyin iska, ba ta cika tsayuwa daidai ba. Ta Al-Khalil takan fi kauri, shuɗinta ko mai duhu ko mai ruwan sararin sama. Ta Iran a ƙarni na 19 tana da wuya mai lanƙwasa da baki buɗaɗɗe a karkace. A Beykoz kusa da Santambul an yi masu ratsin fari da shuɗi a murɗe, da masu launin madara da zanen furanni. Sai kuma Bohemiya, a ƙasar Cek ta yanzu, inda masana'antu suka ƙware wajen yin kaya musamman don kasuwannin Musulmi: gilashi mai tsabta, mai nauyi, an sassaƙa shi da dutse, cibiya a goge. Tunda taki cibiyarta da kaifi, Bohemiya ta yi nisa, ki fi karkata ga Masar ko Sham.

A nan ne labarin hajjin ƙasa yake shigowa, kuma ban raina shi ba. Mutanenmu sun bi ta Barno da Wadai da Darfur har Sawakin a bakin Bahar Maliya, wasu su yi shekaru a hanya suna noma da ƙwadago. Sai dai abin da aka sayo a Makka ba kasafai yake zama ɗan Makka ba. Kasuwa ce da kayan Masar da Indiya da Santambul da Turai ke haɗuwa. Kuma ki yi la'akari da tafiyar kanta: kwalba mai kauri, ƙarama, da za a cusa cikin tsumma, tana iya tsira a bayan jaki ko raƙumi. Mai sirantakar ɓawon ƙwai da dogon wuya, zuwanta a jirgin sama, daga shekarun 1950 zuwa gaba, ya fi kusa da hankali. Akwai kuma wata hanyar da ba ta buƙatar kowa ya je hajji. Katsina ta daɗe tana karɓar ayarin Tarabulus da Gadamas ta Agadas. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Katsina a 1851 kafin ya wuce Kano, kuma a cikin kayan da ya lissafa a kasuwar Kano akwai duwatsun ado na Benis ta Italiya da madubai na Nuremberg ta Jamus. Gilashin waje ya riga Turawan mulki shigowa ƙasar nan da nisa.

Siririyar kwalbar turaren kuwa tafin hannunki zai raba gardama. Iri biyu ne ake rikita su. Ta da, wadda aka yi a Bohemiya da Jamus daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa na 19 don man wardi, doguwa ce kamar alƙalami, ba ta tsayuwa sai dai a kwantar, jikinta kauri, ramin cikinta ɗan tsito ne da bai ɗaukar fiye da 'yan ɗigo. Gefunanta an sassaƙa, zinarin ya goge a inda yatsu ke kamawa, murfinta na gilashi ne da aka wasa har ya yi dishi-dishi ya zauna daram. Tana da nauyi fiye da yadda ido ya zata. Ta yanzu, wadda alhazai ke tsarabarta, ana yin ta ne a Masar daga bututun gilashin da masana'anta ta riga ta yi, a tausasa shi a bakin wutar gas. Tana da ƙafa da ciki da dogon murfi mai tsinke, ba ta da nauyi ko kaɗan, zinarinta na walƙiya, launinta kuma fenti ne a sama, wani lokaci farce ma yana kankare shi. Aikin hannu ce ita ma, tana da kyau, amma ta zamaninmu ce.

Ƙarau ba hura shi ake ba, duk da haka ina jin shi ne ya fi cancanta ku riƙe da kyau, domin mai yiwuwa shi kaɗai ne ɗan ƙasa a cikin kwalaben da ƙarau ɗin. A Bida akwai unguwar Masaga, masu aikin gilashi na gado, waɗanda ke cewa kakanninsu daga Misira suka taso. Suna da nasu baƙin gilashin da suke dafawa daga rairayi da kanwa, suna kiransa bikini, daga baya kuma suka haɗa da narka kwalaben Turawa. Wani masani Bature mai suna Nadel, da ya zauna ƙasar Nufe a shekarun 1930, ya tarar ana yin duka biyun. Bamasage yakan ɗebo curi a kan sandar ƙarfe, ya huda shi, ya yi ta juyawa yana faɗaɗa ramin har ya zama zobe. Shi ya sa ƙarau ɗin Bida ba shi da mahaɗi. Ki zagaya da yatsa: in ba ki ji inda baki biyu suka haɗu ba, cikinsa a shafe yake da ɗan gautsi da baƙin tabon ƙarfe, bayansa a kumbure, kaurinsa kuma ba ɗaya ba ne ko'ina, to ya yi kama da aikin Masaga. Na Indiya, irin na Firozabad, siriri ne, girmansa ɗaya da 'yan'uwansa, kuma yana da wurin da aka liƙe. Launi ma yana taimakawa a kayan Bida. Ruwan ƙasa da kore daga kwalaben abin sha suke, shuɗi mai duhu daga kwalaben magani, fari mai kama da madara daga kwalaben man shafawa, don haka ɗigon ado mai irin wannan launi ba zai girmi zuwan kwalbar da aka narka ba.

In akwai abin da zai iya kai shekara 500 a adakar nan, a zaren duwatsun yake. Dutsen wuya ba ya fashewa da sauƙi, ana sake masa zare daga uwa zuwa 'ya, kuma zare ɗaya yakan tara na zamani daban-daban, don haka kowane ƙwaya sai an dube shi shi kaɗai. Ki samo madubin ƙara girma irin na masu gyaran agogo ko waya, ki leƙa ramin. Wanda aka ja daga dogon bututu aka yanka, ƙwayoyin iskarsa da ratsinsa suna bin tsawon ramin. Wanda aka naɗa a kan tsinken ƙarfe, ratsinsa yana zagaye ramin. Wanda aka matsa a mazubi yana da layi a ƙugunsa, kuma wannan aikin Bohemiya ne na ƙarni na 19 da na 20. Farin gari maƙale cikin rami alama ce ta sabon aiki, galibi na Indiya. Tsoho kuwa za ki ga zare ya cinye bakin ramin ya yi masa santsi, har wani lokaci ya karkace gefe ɗaya.

Akwai wani na Benis mai shuɗi da ja da fari, wanda in kin dube shi ta kai za ki ga tauraro. Ki ƙirga hawa-hawan launinsa daga rami zuwa waje. Mai hawa bakwai, da kai an sassaƙa shi kusurwa-kusurwa, na wajen shekarar 1500 ne. Mai hawa huɗu ko shida na ƙarni na 19 zuwa na 20 ne, kuma shi ya fi yawa nesa ba kusa ba. Masu zanen furanni kala-kala ma yawancinsu daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20 suke. In kuma kin ga manya, marasa sheƙi, rawaya ko kore, masu ƙuraje a jiki da kai a daddaje, ki kula da su. A Al-Khalil aka yi su, suka bi ta Masar zuwa Sudan, a shekarun 1930 fataken Hausawa suka saye su daga hannun matan can suka kawo gida. Yau dillalan ƙasashen waje da sunan Kano suke sayar da su, alhali Kano zango ce kawai a tafiyarsu.

Kar kuma a ɗauka duk tsohon gilashi daga waje ya zo. A Ile-Ife, a wurin da ake kira Igbo Olokun, binciken masanin kayan tarihi Abidemi Babalola ya nuna ana dafa gilashi daga kayan ƙasar tsakanin ƙarni na 11 da na 15. A nan kusa da mu ma, a Durɓi ta Kusheyi cikin ƙasar Mani, kaburburan manya da aka tona a 1907 da kuma 1992 sun fito da kayan ƙarfe da wuri da gilashi, har da abin da ya fito daga ƙasashen Musulmi na gabas. Ga irin waɗannan ne ake kai ƙwaya ɗakin gwaji a auna sinadaranta, domin gilashin Ife da na Masar da na Turai kowanne da irin haɗinsa.

Launi shi kaɗai ba ya yanke hukunci, amma abu biyu suna da amfani. Gilashin da asalinsa garau ne amma ya juya ya yi shunayya-shunayya saboda zama a rana, an sa masa wani sinadari da ake kira manganis, kuma an fi yin haka tsakanin wajen 1880 da 1920. Sannan ki ari fitilar nan mai shuɗin haske da 'yan canji ke duba kuɗi da ita, ki haska kayan da dare. Wanda ya kama da kore mai ƙarfi kamar an kunna shi yana da sinadarin yuraniyom, wanda aka fara sa wa gilashi a Bohemiya a shekarun 1830, don haka ba zai girmi nan ba. Ajiye shi a kabad ba ya cutarwa, amma kar a sha abu a ciki.

Akwai alamomin da dillalai ke yawan kafa hujja da su waɗanda ban ba su nauyi ba. Ƙwayoyin iska suna nuna wutar ba ta yi ƙarfin da za ta tace gilashin ba, kuma sabon aikin Alƙahira ya fi tsohon na Bohemiya yawansu. Karkata da rashin daidaito aikin hannu suke nunawa, ba shekaru ba. Maganar cewa gilashi yana malalowa ƙasa da tsufa har gindi ya yi kauri ba gaskiya ba ce, haka ya fito daga wuta. Sheƙin nan mai launin bakan gizo da ke ɓarewa kamar ɓawo kuwa daga kwanciya cikin ƙasa mai laima yake samuwa. Kwalbar da ta yi shekara 100 a tsohon juji tana iya yin sa, ana kuma ƙirƙirarsa da ruwan batir da makamantansa. Abin da ya zauna a adaka bai kamata ya yi shi ba. Shaidar da ta fi wuyar ƙirƙira ita ce gogewar gindi. A daidai zoben da kwalba ke zama a kai, shekaru suna barin ƙananan ƙarce da suka nufi ko'ina, wasu zurfi wasu sama-sama. Wanda aka yi da takardar goge katako, ƙarcensa duk hanya ɗaya suke bi, har a inda ba ya taɓa ƙasa.

Rubutu, in an samu, ya fi duk waɗannan sauƙi. Czechoslovakia ƙasa ce da ta wanzu daga 1918 zuwa 1992. West Germany daga 1949 zuwa 1990. Kofunan shayi masu tambarin Duralex, da suka cika gidajenmu ta hanyar Maraɗi da Damagaram, ba su girmi 1945 ba. Baki mai ɗaukar murfin lemo mai haƙora bai girmi 1892 ba. Turaren Bintu Sudan a 1920 aka fara shi, don haka kwalbarsa komai tsufanta iyakarta ke nan.

Ga dalilin roƙon da na yi da farko. Duk abin da na lissafa iyaka ɗaya yake bayarwa, ɗayar tana cikin adakar da kuma bakin dattawanku. In an naɗe kwalba da jarida, akwai kwanan wata. In akwai anini ko kwabo mai huda a ƙasan adakar, sunan sarkin Ingila na jiki: George na biyar 1910 zuwa 1936, na shida 1936 zuwa 1952. Ɗan abin da ya bushe a cikin kwalba yana faɗin aikin da ta yi, takardar da ke manne a jiki kuma ta fi kwalbar kanta bayani, ruwa ɗaya zai tafi da su. Ki je wurin mafi tsufa a dangi, musamman mata, domin su suka san kayan ɗaki. Kar ki tambaye su shekara. Ki ce, Inna, da kika fara ganin kwalbar nan, an yi miki aure ko tukuna? A jeren wa take? Wa ke sarauta, Dikko ko Nagogo? Sarki Muhammadu Dikko ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, shi kansa ya je hajji a 1921, Sarki Usman Nagogo kuma daga 1944 zuwa 1981. Kafin zuwan Sarauniya a 1956 ne ko bayansa? Kafin canjin hannu na 1972 da canjin kuɗi na 1973? Ki ɗauki muryarsu a waya, ki rubuta a takarda, ki tambayi kowa shi kaɗai don kar wani ya ɗauki zancen wani. In tsohuwa ta ce tun tana yarinya a zamanin Dikko take ganin shuɗiyar kwalbar, to kin sami abin da cibiyar ta kasa ba ki.

A nawa ganin, adakar nan ba tsarabar tafiya ɗaya ba ce. Tarin rayuwar mace ce, da abin da ta gada, da na aurenta, da wanda 'ya'ya suka kawo mata daga baya, kuma labarin hajjin zai iya zama gaskiya a kan abu ɗaya ko biyu, sannan ya lulluɓe sauran. Batun kuɗi kuma gara ku ji shi tun yanzu: koriyar kwalba irin wannan tana da yawa a hannun masu tarawa, ba za ta sayi fili ba. Wanda ya kira kayan tarkace yana iya zama mai son saye da arha, wanda ya ce 500 kuma bai kawo hujja ba. Kayan gado ne, haƙƙin magada duka, kar mutum ɗaya ya yanke shawara a kansu.

In an gama ɗaukar hoto da rubuta bayani, ƙura kawai za a share da busasshen ƙyalle mai laushi. Ban da toka, ban da yashi, ban da soson ƙarfe. Ban da ruwan zafi, musamman da sanyin hunturu, domin tsohon gilashi yana tsagewa nan take. Mai zanen zinari kar ruwa ya taɓa ta sam. Murfin da ya kafe a bar shi yadda yake, abin da ya fashe kuma a tattara gutsattsarin a takarda, kar a liƙe da gam ɗin kanti.

Akwai kuma doka. Dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979 ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918, da duk abin da aka tono daga ƙasa mai darajar tarihi, a matsayin kayan tarihi. Ba a sayar da su sai ga wanda hukuma ta amince da shi, ba a kuma fitar da su waje sai da izini. Ƙarau ɗinku da wasu duwatsun suna iya shiga wannan layi. Gidan tarihi na ƙasa yana nan cikin birni, a ginin tsohuwar Kwalejin Katsina. Ki naɗe kowane abu daban a ƙyalle, ki jera su a kwali yadda ba za su gogi juna ba, ku je ke da wani babba daga cikin magada, da takardar bayanin dattawa a hannu. Ku nemi a duba a gabanku, in kuma za a bar wani abu a can don ƙarin bincike, a ba ku rasit mai bayanin kowane ɗaya da hotonsa.